Abin Da 'Yan Kyanwa Suka Koya Wa Likitoci Game Da Idon Jariri

Da yawa cikinmu muna tsammani da ido kaɗai mutum yake gani. Gaskiyar magana ita ce, ido ƙofa ce kawai. Haske yakan shiga ta cikinsa, jijiya ta ɗauki saƙon ta kai shi can bayan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, a nan ne ake fassara shi har mu gane fuskar uwa, ko harafin littafi, ko macijin da ke kan hanya. A wannan wata muna so mu ba ku labarin waɗansu masana biyu da suka bi sawun wannan saƙo, domin abin da suka gano ya shafi kowane gida da ke da jariri.

Abokan aiki biyu

Na farkonsu shi ne David Hubel, wanda aka haifa a ƙasar Kanada a shekara ta 1926, ya yi karatun likita a Jami'ar McGill. Na biyun kuwa Torsten Wiesel ne, mutumin Suwidin, an haife shi a 1924. Sun haɗu a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, inda suka soma aiki tare a 1958 a ƙarƙashin wani babban masani mai suna Stephen Kuffler. A 1959 suka koma Jami'ar Harvard, suka ci gaba da aiki kafaɗa da kafaɗa har wajen shekara 20.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙananan ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana aika wa 'yan'uwanta saƙo da ɗan ƙaramin ƙarfin lantarki. Hubel ya riga ya ƙera wata siririyar waya mai tsini wadda za ta iya sauraron ƙwaya guda ɗaya tak. Sukan sa kyanwa barci da magani, su sa wayar a ƙwaƙwalwarta, su haɗa ta da lasifika. In ƙwayar ta motsa, sai a ji ƙara kamar ana soya gyaɗa.

Wata rana suka yi awoyi suna nuna wa idon kyanwa ɗigon haske da baƙin ɗigo ta majigi, amma ƙwayar da suke saurara ta yi gum. Can suna cikin tura gilashin majigin, sai lasifika ta ɓarke da ƙara. Da suka bincika, ashe inuwar bakin gilashin ce, wani siririn layi a karkace, ta ratsa idon. Daga nan suka gane cewa kowace ƙwaya a wannan sashe tana da irin layin da take jira. Wata tana amsa wa layin tsaye, wata na kwance, wata na karkace. Masu aiki iri ɗaya kuma a jere suke wuri guda, kamar yadda 'yan kasuwa masu haja iri ɗaya suke zama a layi ɗaya. Sun buga wannan a 1959, suka ƙara faɗaɗa shi a 1962.

Idon da aka rufe

Tambaya ta biyu da suka yi ita ce ta fi shafarmu. Shin da wannan tsari ake haihuwa, ko kuwa koyonsa ake yi? Suka duba 'yan kyanwa waɗanda ba su taɓa ganin kome ba, suka tarar tsarin yana nan tun da fari. Sa'an nan suka rufe wa waɗansu ido ɗaya tun suna 'yan kwanaki, suka bar shi wata biyu zuwa uku kafin su buɗe.

A kyanwa lafiyayya, wajen kashi huɗu cikin biyar na ƙwayoyin nan suna karɓar saƙo daga ido biyu. Amma a waɗannan 'yan kyanwa, kusan dukan ƙwayoyin sun daina kula da idon da aka rufe. Idon kansa lafiyarsa lau, ba ciwo ba tabo, duk da haka ba ya gani. Idon da ke buɗe ya ƙwace gurbin ɗan'uwansa a ƙwaƙwalwa, kamar gonar da mai ita ya bari, maƙwabci ya yi ta matsowa da iyaka har ya cinye ta. Wannan sakamako ya fito a 1963.

A 1970 suka bayyana lokacin da haɗarin ya fi girma. A kyanwa yakan soma wajen mako na huɗu, ya ragu zuwa ƙarshen wata na uku. A tsakiyar wannan lokaci, rufe ido na 'yan kwanaki kaɗan ya isa ya yi ɓarna. Babbar kyanwa kuwa, ko an rufe mata ido fiye da shekara, ranar da aka buɗe garau take gani. Sun kuma nuna cewa in idanu biyu ba su kallon wuri ɗaya tun ƙuruciya, ƙwaƙwalwa takan rasa iya haɗa su su yi aiki tare.

Yadda masana suke auna aiki

In masani ya rubuta sakamakon bincikensa, wajibi ne ya ambaci waɗanda ya yi gini a kan aikinsu. Tun 1964, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya fito da babban kundin ƙidayar irin wannan ambato, jami'o'i suka soma duba sau nawa aka ambaci aikin mutum domin su san nauyinsa. Akwai rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa da ba a ambata sai sau kaɗan. Takardar Hubel da Wiesel ta 1962 kuwa an ambace ta fiye da sau 10,000, har masu ƙera kwamfutar da ke gane hoto ma daga tsarin da suka bayyana suka ɗauki dabara. A 1981 aka ba su kyautar Nobel ta fannin likita, tare da Roger Sperry. Hubel ya rasu a 2013.

Ƙidaya tana da amfaninta, amma akwai wani awo da ya fi ta. A dā, in an haifi jariri da yanar ido, likitoci da yawa sukan jira ya ɗan girma kafin su yi masa aiki, don ganin jikinsa bai yi ƙwari ba. Sai a cire yanar da kyau, amma yaron ya kasa gani sosai. Binciken mutanen nan ya bayyana dalili: ƙwaƙwalwa ta riga ta raba gurabenta tun idon yana cikin duhu. Yau likitocin ido suna ƙoƙarin cire yanar da ta toshe idon jariri cikin makonnin farko na rayuwarsa. Yaran da suke karatu a makaranta saboda wannan canji, ba su cikin kundin Garfield, amma su ne ainihin ribar aikin.

Abin da ya wajaba a kanmu

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga abubuwan da muke roƙon iyaye su lura da su.

Na ɗaya, ku dubi tsakiyar baƙin idon jariri a wuri mai haske. In kun ga fari ko toka-toka a ciki, ku kai shi wurin likitan ido a cikin makon nan, kada a ce sai bayan yaye. Farin yana iya zama yana, yana kuma iya zama alamar wani mugun ƙari na cikin ido wanda yake kisa in an yi jinkiri.

Na biyu, ba abin tsoro ba ne idon sabon jariri ya riƙa karkacewa jefi-jefi. Amma in ya wuce wata huɗu yana harara-garke, ko kuwa ido ɗaya kullum a karkace yake, a kai shi a duba. Kada mu ce gado ne, haka kakansa yake. Ƙwaƙwalwa takan yi watsi da idon da ya karkace har ya raunana.

Na uku, in likita ya ba yaro tabarau, ko ya ce a riƙa rufe lafiyayyen idon na waɗansu awoyi kowace rana, mu bi umarninsa ko da yaron yana kuka. Dabarar ita ce a tilasta wa raunanan idon ya yi aiki, ya karɓo gurbinsa. Maganin ya fi ci kafin yaro ya kai shekara bakwai.

Na huɗu, kada a ɗiga wa jariri ruwan ganye, ko nono, ko wani haɗe-haɗe a ido. Akwai asibitocin ido irin su Asibitin Ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ma'aikacin asibitin da ke kusa da ku kuma zai iya nuna muku inda za ku nufa.

Wanda ɗansa ya riga ya girma da irin wannan lahani, kada ya fid da zuciya. A ƙasar Indiya an yi wa manyan yara da aka haifa da yana aiki, suka sami gani mai amfani, ko da yake bai kai na wanda aka yi wa da wuri ba. Ƙofar takan ƙuntata, amma ba ta rufewa ruf.

Mu masu bi, wannan labari yana sa mu yi ta'ajibin hikimar Mahaliccinmu. Shi ne ya shimfiɗa hanyoyin nan tun jariri yana cikin mahaifa, sa'an nan ya bar ƙarashen aikin ga haske da kulawar iyaye. 'Ya'ya amana ce daga wurin Ubangiji, shi ne kuma ya ba likitoci sani. Kai yaro asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Mu yi addu'a, mu kuma tashi mu tafi. Muna roƙon dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata su karanta wa jama'a wannan shafi, musamman sa'ad da aka je barka. Allah ya ba mu idon lura da 'ya'yanmu tun da sauran lokaci. Amin.