Sauti Uku Sun Isa: Yadda Makaɗan Jaz Ke Juya Yatsu a Kan Jita

Duk wanda ya taɓa ɗaukar jita a cikinmu ya san yadda satin farko yake. Bakin yatsu ya yi ja, tsirkiya ta ƙi yin ƙara mai daɗi, ga littafin koyo cike da zane-zane ɗaruruwa. A nan yawancinmu muke jingine ta a bango, mu ce hannunmu ne ya yi ƙanƙanta. To, makaɗan jaz, kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, sun daɗe da gano cewa ba a buƙatar tsirkiya shida a kowane bugu.

Mu fara daga tushe. Idan aka kaɗa sauti uku ko huɗu lokaci guda suka dace da juna, an yi haɗin sauti, wanda makaɗa ke kira kod. Haɗin C, alal misali, ya ƙunshi C da E da G, wato do, mi, so ɗin da muke rerawa a aji. Idan C ne a ƙasa, haɗin yana zaune a kan tushensa. Idan muka ɗauke C muka kai shi sama, E ya koma ƙasa, mun yi juyin farko. Muka sake ɗauke E, G ya zama na ƙasa, juyi na biyu ke nan. Sunan haɗin bai canza ba, amma kunne zai ji bambanci.

Ku gwada. Ana ƙirga tsirkiya daga mafi siriri, ita ce ta 1, zuwa mafi kauri, ta 6. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan da aka gitta a wuyan jita kuma mu kira ta gaɓa. A kan tsirkiya ta 3 da ta 2 da ta 1, ku danna gaɓa ta 5, ta 5, ta 3: C, E, G. Ku matsa zuwa ta 9, ta 8, ta 8: E, G, C. Sai ta 12, ta 13, ta 12: G, C, E. Haɗi ɗaya ne a wuri uku, kuma kowane wuri da sautin da yake ɗorawa a sama. Da wannan na saman ake fitar da karin waƙa, shi ya sa mutum irin Joe Pass, a faifansa Virtuoso na 1973, yake kaɗa waƙa sukutum shi kaɗai, ba ganga ba piyano.

Jaz kuwa ba kasafai yake tsayawa a sauti uku ba. Yana ƙara na huɗu, wanda ake kira na bakwai saboda matsayinsa idan aka ƙirga daga tushe. Haɗin C sai ya zama C, E, G, B, a rubuta shi Cmaj7. A nan ne dabarar take: cikin huɗun, na uku da na bakwai su ke faɗa wa kunne irin haɗin da ake kaɗawa. Na biyar, wato G, ana iya jefar da shi ba a ji giɓi ba. Ko tushen ma, idan akwai mai kaɗa bes a ƙungiya, shi ke riƙe da shi.

Freddie Green ya shiga ƙungiyar Count Basie a 1937, kuma yana cikinta har rasuwarsa a 1987. Shekara hamsin, da wuya a ji ya fito yana nuna bajinta shi kaɗai. Bugu huɗu yake yi a kowane zagaye, da sauti uku ko ma ƙasa da haka, ƙahonni da piyano suna ta aikinsu bai tare musu hanya ba. Har yau da sunansa ake kiran wannan salon.

Labarin Django Reinhardt ya fi taɓa zuciya. An haife shi a Beljiyam a 1910, ya tashi a Faransa. A 1928 gobara ta kama keken dokin da yake kwana a ciki, ta lalata masa yatsu biyu na ƙarshe a hannun hagu. Bai daina ba. Ya sake koyon jita da yatsu biyun da suka rage da lafiya, yana ɗan jingina nakasassun a kan siraran tsirkiyoyi in yana kaɗa haɗi. A 1934 shi da mai goge Stéphane Grappelli suka kafa ƙungiyar Hot Club ta Faransa. Mu da muke kukan ƙanƙantar hannu sai mu ɗan yi shiru.

Ga aikin wannan mako. Akwai jerin haɗi uku da ya cika waƙoƙin jaz: Dm7, G7, Cmaj7. Don Dm7, ku danna gaɓa ta 5 a tsirkiya ta 5, gaɓa ta 3 a ta 4, gaɓa ta 5 a ta 3. Don G7, gaɓa ta 3 a tsirkiya ta 6, gaɓa ta 3 a ta 4, gaɓa ta 4 a ta 3. Don Cmaj7, gaɓa ta 3 a tsirkiya ta 5, gaɓa ta 2 a ta 4, gaɓa ta 4 a ta 3. Ku lura da tsirkiya ta 4 da ta 3: a kowane sauyi ɗaya ce kawai ke motsawa, kuma gaɓa ɗaya tak. C ya sauka B, sannan F ya sauka E.

Abin da zai ba ku wahala shi ne tsirkiyar da ba a so ta yi magana, musamman ta 5 a haɗin G7. Ku ɗan kwantar da yatsan da ke kan ta 6 ya taɓa ta ba tare da dannawa ba. Ku kaɗa a hankali, bugu huɗu ga kowane haɗi, kuna buga ƙafa. In ya zauna, ku matsar da komai gaɓa biyu gaba ku sake, kun koma kan D ke nan.