Idon Manomi Da Ya Ƙi Tsukewa

A jihar Iowa ta Amurka, inda gonakin masara suke shimfiɗe iyakar ganin ido, likitoci sun yi ta cin karo da wani abin ɗaure kai a lokacin kaka. Manomi lafiyayye zai tashi daga gona, gani ya dushe masa, hasken rana yana kashe masa ido. Idan aka duba, sai a tarar baƙin ɗigon nan na tsakiyar ido, wanda haske ke shiga ta cikinsa, ya buɗe wangwam. A haska masa tocila, ko gezau. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, bai faɗi ba, ba a buge shi ba.

Hankalin likita yana tashi a irin wannan hali, kuma da dalili. Tsokoki biyu ne ke sarrafa wannan ƙofa ta haske. Ɗaya ta kewaye ta kamar mazagin wando, ita ke tsuke ta. Ɗayar ita ke buɗe ta idan duhu ya yi. Umarnin tsukewa yana zuwa ne ta jijiya ta uku cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Idan jijiyar jini ta kumbura a gindin ƙwaƙwalwa ta danne ta, ido yana buɗewa, kuma kumburin yana iya fashewa ya kashe mutum. Wannan shi ne abin zargi na farko. Amma yana da shaidunsa: fatar ido takan zubo, idon ya karkace, mutum ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu. Manoman ba su da ko ɗaya.

Abin zargi na biyu shi ne hawan jinin ido irin mai afkowa farat ɗaya. Shi kuwa ba ya ɓuya. Ido yana yin jawur, raɗaɗi har da amai, mutum yana ganin bakan gizo kewaye da fitila. Idon manomi fari ne tas, ba ya ciwo.

Na uku wata lalura ce da likitoci biyu a Landan, William Adie da Gordon Holmes, suka bayyana a 1931. Jijiyoyin da ke bayan ƙwayar ido ne ke samun rauni, galibi a ido ɗaya, kuma ta fi kama mata matasa. Ba ruwanta da kaka ko bazara. Me zai sa ta zaɓi masu girbin masara?

Ɗaya daga cikin waɗanda suka warware ƙullin shi ne Dokta H. Stanley Thompson na Jami'ar Iowa. A 1971 shi da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji mai sauƙi da maganin ɗigawa da ake kira filokafin, wanda aikinsa tsuke ido ne. Tsarin da likitocin ido ke bi har yau ke nan. A fara da mai rauni, wajen kashi 0.1 cikin 100. Lafiyayyen ido ba ya kula shi, amma ido mai lalurar Adie sai ya tsuke, domin tsokarsa ta ƙagu da saƙo. Idan bai motsa ba, a ɗiga mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. In jijiya ta uku ce ta shanye, ido zai tsuke, tunda tsokar lafiyarta ƙalau, umarni ne kawai ba ya iso mata. In kuwa wannan ma bai yi komai ba, kuma ba a taɓa raunata idon ba, to wani sinadari ne ya riga ya tare wurin da maganin zai kama.

Wane sinadari ne a gonar masara? Amsar tana tsakanin kunyoyi. Wani tsiro ne da ke fitowa cikin masara, ɗan uwan zaƙami na jini, wanda mu ma muka sani da haukata-yaro. Injin girbi yana haɗawa da shi ya niƙe, ƙurarsa ta tashi ta faɗa idon mai tuƙi. Ganyensa da 'ya'yansa suna ɗauke da dangin atrofin, sinadarin da ke shanye tsokar tsukewa. Ba a buƙatar fiɗa. A wanke ido, a sa baƙin tabarau, a jira. Aikin atrofin yana iya kai mako ɗaya zuwa biyu kafin ya sake gaba ɗaya.

To, idan jira ne maganin wannan, fiɗar ƙwaƙwalwa ce maganin kumburin jijiyar jini, me kamfanoni ke sayarwa da sunan maganin buɗewar ido? Nan ne ƙulli na biyu, kuma amsarsa tana ɗakin likita. Mafi yawan idanun da ke buɗewa a duniya likita ne ya buɗe su da gangan, don ya hango bayan ido, musamman ga masu ciwon suga. Mutum ya fita daga asibiti ba ya iya karatu ko tuƙi na sa'o'i, wani lokaci har yini guda. Waɗannan su ne masu sayen. A 1990 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Rev-Eyes don mayar da ido daidai, daga baya aka daina sayar da shi. Kasuwar ta zauna fayau tsawon shekaru, sai a Satumban 2023 hukumar ta amince da Ryzumvi na kamfanonin Ocuphire da Viatris, wanda a gwaji ya mayar da idon mutane da dama daidai cikin minti 60 zuwa 90. Wanda kuwa rauni ya yaga masa tsokar, sai ɗinki ko dashen roba, irin CustomFlex da aka amince da shi a 2018. Shahararren mawaƙin Ingila David Bowie ya rayu da idon hagu a buɗe tun daga naushin da ya sha a 1962 har mutuwarsa a 2016.

Ashe ke nan babu kwalba ɗaya da ke maganin buɗewar ido, domin alama ce, kuma cututtukan da ke bayanta sun sha bamban. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Zaƙami yana nan a bayan gidajenmu da jujinmu, yara suna wasa da 'ya'yansa su murza ido, wasu matasa suna zuba shi a abin sha. Wanda ya sha za ka ga idanu biyu a buɗe, baki ya bushe, jiki ya yi zafi, yana sambatu. Wannan guba ce, asibiti za a kai shi nan take. A gefe guda kuma, kemis yana miƙa maganin ɗigawa ga duk wanda ya nema. Wanda ya ɗiga filokafin da kansa yana iya tsuke idon, ya shafe shaidar da za ta nuna wa likita kumburin da ke cikin kansa.

Saboda haka, idan ka ga idonka ko na wani naka ya buɗe ya ƙi tsukewa, kada a ɗiga komai. A tuna abin da hannu ya taɓa a ranar, ganye ne ko magani, a faɗa wa likita. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sassan ido a manyan asibitocinmu. In kuwa akwai ciwon kai, ko zubowar fatar ido, ko gani biyu-biyu, ko buguwa a ka, kada a bari a kwana a gida.