Suna Linzami: Yadda Kwamfuta Ke Raɗa wa Guntayen Bidiyo Suna

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin adana busassun tsirrai na wata jami'a ya san cewa darajar kowane ganye da ke ciki tana rataye ne da 'yar takardar da aka manna a gefensa. Takardar ce ke faɗar sunan tsiron, da inda aka tsinko shi, da ranar, da wanda ya tsinko. Ranar da ta ɓace, abin da ya rage ganye ne kawai, babu masanin da zai kafa hujja da shi. A yau kamarar bidiyo ta shiga cikin kayan aikin masu nazarin halittu, kuma ita ma abin da take ɗaukowa yana da tasa takardar, wato sunan fayil. Abin da za mu duba shi ne yadda ake sa kwamfuta ta rubuta wannan takarda da kanta, musamman a lokacin da ake fitar da ɗaruruwan guntayen bidiyo a zubi ɗaya daga manhajar tace hoto.

Girman matsalar

A gandun dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya, masu bincike sun kafa kamarori 225 masu ɗaukar hoto da kansu idan dabba ta gitta. Daga shekarar 2010 zuwa 2013 kamarorin sun tara rukunin hotuna kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Babu mahalukin da zai zauna ya raɗa wa wannan tuli suna ɗaya bayan ɗaya.

Ba sai mun je Serengeti ba. Mu ƙaddara ɗaliba ce take nazarin ungulu, tsuntsuwar da a shekarar 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa a duniya. Ta kafa kamara biyu a wata mayanka har tsawon wata uku, sa'an nan ta yanko guntaye 600 daga abin da ta ɗauka, kowanne yana nuna saukar ungulu ko cin abincinta ko faɗanta da 'yar uwa. In za ta rubuta sunan kowane guntu da hannu, a ce daƙiƙa 30 kowanne, awa biyar ke nan cur tana buga haruffa. Ɓata lokacin ma shi ne ƙaramar asara. Babbar ita ce kuskure, domin hannun da ya gaji zai rubuta ranar jiya a kan guntun yau, kuma daga nan lissafin yawan ungulun da suka sauka a kowace rana ya gurɓace ba tare da kowa ya farga ba.

To me zai hana ta bar sunayen da kamara ta bayar? Akasarin kamarori suna bin wani tsari da masana'antun Japan suka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1990, inda suna kan ƙunshi haruffa huɗu da lambobi huɗu, daga 0001 zuwa 9999. Irin wannan suna ba ya faɗar komai game da abin da ke ciki. Bugu da ƙari, kamara biyu ƙirar kamfani ɗaya za su iya ba fayiloli daban-daban suna iri ɗaya. Idan aka zuba su a jaka guda cikin gaggawa, sabo na iya danne tsoho, aikin yini guda ya salwanta.

Darasi daga Linnaeus

Masu nazarin halittu sun daɗe da sanin maganin irin wannan ruɗani. Kafin tsakiyar ƙarni na 18, sunan tsiro a littattafan Turai doguwar jimla ce ta Latin, kowane marubuci da tasa. Sai masanin ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya tabbatar da tsarin suna mai kalma biyu, ga tsirrai a shekarar 1753, ga dabbobi kuma a 1758. Kalmar farko ta dangi ce, ta biyu ta jinsi. Da haka kuka ta zama Adansonia digitata, ungulun da muke magana a kanta kuma daga baya ta zama Necrosyrtes monachus. Hikimar tsarin ita ce, akwai gurabe ƙayyadaddu, kowane gurbi da abin da ke shiga cikinsa, kuma babban rukuni shi ke gaba, ƙarami na biye.

Wannan dai ita ce dabarar raɗa wa fayiloli suna ta hanyar kwamfuta. Mutum zai tsara zubin suna sau ɗaya tak, ya ce gurbin farko na rana ne, na biyu na wuri, na uku na jinsi, na huɗu na kamara, na biyar na lambar jeri. Ita kuwa manhaja sai ta riƙa cike guraben ga kowane guntu.

Yadda ake yi

Daga ina manhajar ke samun abin da take cikewa? Kowane fayil na bidiyo yana ɗauke da bayanai a cikinsa ban da hoto da sauti, kamar ranar da aka ɗauka, da lokacin, da yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa guda, wanda a ƙasashenmu galibi 25 ne. Mai tacewa kuma yana iya ƙara nasa bayanan, ya zaɓi guntaye hamsin a lokaci guda ya rubuta musu wuri ɗaya ko jinsi ɗaya.

Mu ɗauki manhajar DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design, wadda ake samun nau'inta na kyauta. A shafin fitar da aiki, mutum yana da zaɓi biyu, ko a fitar da komai a fim guda, ko a fitar da kowane guntu a fayil nasa. Idan ya zaɓi na biyu, sai ya je wurin rubuta suna ya buga alamar %, nan take jerin gurabe zai bayyana, kamar sunan guntu, da fitowa, da lambar ɗauka. Sai ya jera waɗanda yake so, ya raba su da ƙaramin layi, ya ba da umarni. Guntayen ɗalibarmu za su fito da suna irin wannan:

2024-03-15_Mayanka_NEMO_K2_0047

Duk wanda aka ba mabuɗi zai karanta cewa an ɗauki guntun ranar 15 ga Maris, 2024, a mayanka, jinsin kuwa Necrosyrtes monachus ne da aka taƙaita, kamara ta biyu, guntu na 47.

Wanda manhajarsa ba ta da irin waɗannan gurabe bai rasa mafita ba. Akwai ExifTool, wadda Phil Harvey ya fitar a shekarar 2003, mai iya karanta ranar da ke cikin fayiloli ta sauya wa jaka sukutum suna da umarni guda. Akwai kuma FFmpeg, wadda Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, mai iya yanka dogon bidiyo gunduwa-gunduwa tana ba kowace gunduwa lamba a jere. Dukansu kyauta ne.

Ƙa'idoji huɗu

Ta farko, a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar yadda ƙa'idar duniya ta ISO 8601 ta tanada tun 1988. Idan aka rubuta 03/04/2024, ɗan Nijeriya zai karanta 3 ga Afrilu, Ba'amurke kuwa 4 ga Maris. In shekara ce a gaba babu wannan saɓani, kuma fayilolin za su jeru da kansu daga na farko zuwa na ƙarshe.

Ta biyu, a cike lambobi da sifiri. Manhajoji da yawa suna jera suna harafi bayan harafi ne, saboda haka sai su sa 10 da 11 a gaban 2. Idan aka rubuta 0002 da 0010 kowa zai tsaya a mazauninsa.

Ta uku, a guji alamomin da kwamfuta ta keɓe wa kanta. Windows ba ta karɓar alamomi irin su : da / da ? da * a cikin sunan fayil. Wannan ya shafi lambar lokaci ta bidiyo, wadda ake rubutawa da ɗigo biyu tsakanin awa da minti da daƙiƙa, don haka sai an musanya su da ƙaramin layi. Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin abin lura, wato haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Kwamfutocin zamani suna karɓarsu, amma wasu tsofaffin na'urori da manhajoji kan mayar da su alamar tambaya ko wani shirme. Gara a bar su a cikin littafin bayani, a yi sunan fayil da haruffa marasa ƙugiya.

Ta huɗu, a taƙaita. A zamanin DOS haruffa takwas kawai aka yarda da su, da uku na nau'in fayil, sai Windows 95 ta buɗe ƙofa har zuwa 255. Yalwar ba dalili ba ce na mayar da suna labari. Abin da ya wuce gurabe biyar ko shida ya koma jadawali, inda lambar guntu za ta haɗa shi da cikakken bayaninsa.

Kwamfuta ba ta da wayo

Wajibi ne a nan a ja kunnen mai karatu. Kwamfuta tana cika umarni ne, ba ta san daidai ba, ba ta san kuskure ba. Idan batirin kamara ya mutu a daji agogonta ya koma ranar da masana'anta ta saita, to duk guntayen za su fito da ranar ƙarya, a tsare gwanin sha'awa. Kuskuren hannu guntu ɗaya yake ɓatawa, kuskuren zubi kuwa duka 600 ɗin.

Masana ƙwayoyin gado sun ɗanɗana kuɗarsu a wannan fage. Manhajar Excel takan ga sunan ƙwayar gado kamar SEPT2 ta ɗauka kwanan wata ne, ta mayar da shi 2 ga Satumba. Wani bincike da aka buga a shekarar 2016 ya gano irin wannan ɓarna a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da aka duba masu ɗauke da jerin ƙwayoyin gado a Excel. Abin ya kai har a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya wasu sunaye, SEPT1 ta koma SEPTIN1, MARCH1 ta koma MARCHF1.

Saboda haka, a duba agogon kamara duk ranar da aka sauya batir. A gwada zubin a kan guntu biyar, a buɗe su a gani da ido, kafin a saki ɗaruruwa. Kada a taɓa fayilolin asali, a ajiye su da sunayensu na kamara a wuri biyu. A kuma rubuta mabuɗin zubin a takarda guda a ajiye cikin jakar, domin NEMO da K2 ba za su ce komai ba ga wanda zai gaji aikin.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Busassun tsirran da Linnaeus ya tara suna nan a birnin Landan, masana na zuwa duba su fiye da shekara 250 bayan an tsinko su, albarkacin abin da aka rubuta a jikin takardunsu. Idan ungulu ta ci gaba da raguwa, wata rana guntayen da ɗalibanmu ke ɗauka yanzu su ne za su zama shaidar yawanta a garuruwanmu. Shaidar da ba ta da rana ba ta da wuri kuwa, babu masanin da zai karɓe ta. Rabin awar da za a kashe wajen tsara zubin suna tun kafin a kunna kamara ita ce za ta ba aikin tsawon rai.