Haƙƙin Matalauci A Kan Mai Bi: Abin Da Likitan Tamale Ya Bar Mana

Duk wanda ya taɓa sauka a mota a Kumasi kafin gari ya waye, ya bi ta gefen kasuwar Kejetiya, ya san abin da za mu faɗa. 'Yan mata masu dako, waɗanda ake kira kayayo, suna kwance jere a ƙofar kantuna, kowacce ta yi matashi da kwanon da take ɗaukar kaya, wata kuma da jariri a ƙirjinta. Yawancinsu daga arewacin ƙasar nan suka zo. Sunan ma da ake kiransu da shi rabinsa namu ne, domin daga kalmar kaya aka ciro shi. Ran Lahadi mukan ratsa ta wurinsu da fararen tufafinmu za mu majami'a, mu dawo mu sake ratsawa, ba tare da mun tambayi kanmu ko akwai wani haƙƙi nasu a wuyanmu ba.

Mu Kiristocin da ke zaune a zanguna, muna jin Hausa muna sujada da ita, ba mu da yawa. A Nima ko Asawase ko Sabon Zango, gida ɗaya muke da 'yan'uwanmu Musulmi, famfo ɗaya muke ɗiban ruwa, suna da biki da jana'iza duk tare ake yi. Muna ganin yadda suke fid da zakka, da yadda ake raba koko da ƙosai ran Juma'a, da yadda ba a barin baƙo ya kwana a titi muddin akwai zaure. To, su ma suna kallonmu. Abin da za su sani game da addininmu, a hannunmu za su gan shi kafin su ji shi a bakinmu.

Abin da Littafi ya ɗora mana

Maganar matalauta ta ratsa Littafi Mai Tsarki tun daga farkonsa. A cikin Littafin Firistoci, sura 19, an hana manomi girbe gonarsa har bakin iyaka, an kuma hana shi komawa ya tsince abin da ya zuba, domin wannan kala rabon matalauci ne da baƙo. A lura da kyau: doka ce aka kafa, mai gona ba shi da ikon cewa bana ba zan bari ba. Kuma matalaucin da kansa yake shiga ya tsinta, ya koma gida da mutuncinsa, babu wanda ya sa shi durƙusawa a ƙofar gida.

A cikin Matiyu sura 25 kuwa, Yesu Almasihu ya ba da labarin ranar shari'a, inda za a raba mutane gida biyu. Abin da za a auna su da shi guda shida ne: yadda suka yi da mai jin yunwa, da mai ƙishirwa, da baƙo, da marar tufa, da marar lafiya, da ɗan kurkuku. Ya kuma nuna cewa duk abin da aka yi wa ɗaya daga cikin waɗannan, shi aka yi wa. Manzo Yakubu ya ƙara da tsawata wa ikkilisiyar da take ba mai zoben zinariya kujera mai kyau, ta bar mai tsumma a tsaye.

Akwai kuma wani labari a Ayyukan Manzanni sura 6 wanda ya kamata ya taɓa mu fiye da kowa. A ikkilisiyar farko a Urushalima ana raba wa gwauraye mata abinci kullum, sai masu jin harshen Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake nasu gwaurayen. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a bar maganar ba. Sai aka zaɓi mutum 7 masu amana aka danƙa musu aikin. Mu da muke 'yan tsiraru a wannan ƙasa, mun san yadda ake mance mutum a wurin rabo saboda harshensa dabam ne. Bai kamata mu yi wa wani abin da mu ba ma so a yi mana ba.

Ɗan kuturu ya zama likita

Gani ya kori ji. Domin kada a ce wannan duk maganar littafi ce, bari mu kawo misali daga ƙasarmu, a zamaninmu.

An haifi Dakta David Abdulai a Tamale a shekarar 1951. Mahaifinsa kuturu ne, gidan kuma da bara ake cin abinci. Cikin 'ya'ya 11 da aka haifa, shi kaɗai ya rayu. Ya san yunwa a cikinsa tun yana yaro, ba labari aka ba shi ba. Allah ya buɗe masa ƙofar karatu har ya gama makarantar likitoci ta Jami'ar Gana, ya kuma ƙaro ilmi a Ingila da Ostiriya. Daga gidan Musulmi ya fito, daga baya ya shiga ɗariƙar Katolika. Mutum mai irin wannan ilmi, da ya so, da ya zauna a Akra ko a Turai ya tara abin duniya.

Sai ya ajiye aikin gwamnati. A shekarar 1991 ya buɗe asibiti a Gurugu, a gefen Tamale, ya sa masa suna Shekhinah, kalmar Ibrananci mai nufin zaman Allah a tsakiyar mutanensa, wadda asalinta ɗaya ne da kalmar sakina ta Larabci. A gindin bishiyar mangwaro aka fara. A tuna kuwa a waɗannan shekaru doka a asibitocin gwamnati ita ce biya kafin magani, wanda ba shi da kuɗi sai ya koma gida ya jira ikon Allah. A Shekhinah ba a karɓar ko kwabo, har aikin tiyata irin na gwaiwa kyauta ake yi. Ƙauyuka suka riƙa zuwa suna gina ɗakuna a harabar asibitin domin majinyatansu su sami wurin kwana, ta haka aikin ya zama na jama'a duka. A 1999 ya buɗe na biyu a Wamale.

Amma abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne wanda ya soma a 1992. Kowace rana ana dafa abinci, a ɗora a mota, a zaga titunan Tamale ana neman masu taɓin hankali, waɗanda suke kwana a juji da ƙarƙashin rumfuna, a miƙa wa kowa nasa a inda yake. Mutanen gari har suka laƙaba masa suna mahaukacin likita. Kowace Kirsimeti kuma yakan tara matalauta da kutare da makafi a ci a sha tare. Mafi yawan waɗanda suka ci abincinsa suka sha maganinsa Musulmi ne, kuma ba a taɓa gindaya wa kowa sharaɗin sauya addini ba. A 2012 ofishin jakadancin Amurka ya ba shi lambar yabo ta Martin Luther King. Ya rasu ranar 2 ga Oktoba, 2016, Musulmi da Kirista suka yi kukansa tare.

Darasi uku muka gani a nan. Na farko, shi ya tashi ya je neman mayunwata, domin ya san wanda ya fi kowa buƙata sau da yawa ba ya iya zuwa ƙofa ya yi sallama. Na biyu, kullum ne, domin yunwa ba ta san ranar idi ba. Na uku, bai mai da abinci ƙugiyar kama mutane ba.

Yadda muke yi a yau

To, mu fa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka bari mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Akwai waɗanda suka ɗauki talauci alamar rashin bangaskiya. Ana wa'azi cewa wanda ya shuka kuɗi a majami'a zai girbi ninki, wanda ya zauna cikin tsiya kuwa laifinsa ne. Gwauruwa mai sayar da koko takan ɗauki jarinta ta kai gaban bagade, ran Litinin ta rasa kuɗin gero. Lokacin da tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen 2022, zunubin wa ya jawo wa tsofaffi da marayu wannan?

Akwai kuma yadda muke tara baiko. Ana kiran haifaffun Litinin su fito, sannan na Talata, ana gasa, ana shelar abin da kowane rukuni ya bayar. A bikin godiyar kaka ana kiran sunan mai ba da babban kuɗi ana tafa masa. Wanda ba shi da ko sidi ɗaya sai ya sunkuyar da kai a kujera, mako mai zuwa ya ce ba shi da lafiya, daga nan mu daina ganinsa. Sau nawa dattawa suka bi sawu suka tambayi dalili?

Ga kuma maganar jana'iza. Mutum yakan yi wata shida a kwance babu mai sayen masa magani, ranar da ya cika sai a ga rumfuna da kujeru da anko da akwatin gawa mai tsada. Rabin abin da aka kashe, da an kashe shi yana da rai, wataƙila da yana nan tare da mu.

Abin da ya fi ciwo shi ne halin masu taɓin hankali. Manyan asibitocinsu guda uku, na Akra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke, shi ya sa iyalai da yawa suke kai nasu sansanonin addu'a. An samu wasu wuraren da ake ɗaure su da sarƙa a jikin bishiya ana hana su abinci da sunan azumi, duk da cewa ƙasar nan ta yi dokar kare lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, hukuma kuma ta haramta ɗauri a 2017. Da sunan Almasihu wani ya kai musu tuwo a titi, da sunan nan kuma wani ya sa musu mari. Tilas mu zaɓi gefen da muke.

Abin da ƙaramar ikkilisiya za ta iya

Wani zai ce, ai mu kanmu matalauta ne. Gaskiya ne, amma manzo Bulus ya shawarci Korantiyawa cewa kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, domin a kai wa mabukata a Urushalima. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da muke ganin ko ikkilisiya mai mutum talatin za ta iya.

A zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙon asiri, mata da maza, su san kowace gwauruwa da maraya da tsoho marar mai kula da shi a unguwa, ko na wane addini ne. A ajiye asusun matalauta dabam da na gini, kada a taɓa shi don sayen amsa-kuwwa. Kowace mace a zumuntar mata ta riƙa ɗebe ƙoƙo ɗaya na masara ko shinkafa duk mako, a haɗa a kai da dare, ba tare da shela ko hoto ba.

Sannan akwai taimakon da ba ya cin kuɗi sai ƙafa da baki. Tun 2003 ƙasar nan take da inshorar lafiya, an kuma ɗauke wa 'yan shekara 70 zuwa sama da matalauta tuburan biyan kuɗinta. Tun 2008 kuma akwai shirin LEAP mai ba gidaje mafiya talauci ɗan tallafin kuɗi. Tsofaffinmu da yawa a zango ba su amfana ba, domin ba su jin Turanci ko Tiwi, wasu kuma ba su da takardun shaida. Saurayin da ya yi makaranta, ya raka tsohuwa ofis ya yi mata tafinta har ta sami katinta, ya yi aikin Allah kamar wanda ya hau mumbari.

Wanda yake da ƙarfi a jika kuwa, jari da sana'a sun fi masa kwanon abinci. Tela ko makaniki ko mai gyaran gashi a cikinmu ya ɗauki yaro ɗaya ko yarinya ɗaya daga cikin masu dako ya koya mata aiki ba tare da kuɗin shiga ba. Kada mu ji kunyar zuwa wurin limamin unguwa ko sarkin zango mu haɗa hannu, domin sun san gidajen da ake kwana da yunwa, wasu ma sun fi mu sani.

Jama'a, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Lahadi mai zuwa, in mun ratsa ta wurin 'yan matan nan na bakin kasuwa, mu tsaya mu gaishe su, mu tambayi sunansu da garinsu, daga nan ake farawa. Allah ya ba mu idon gani da hannun bayarwa, ya sa mu cika da kyau. Amin.