Zafi Da Tsutsar Gero

'Yan'uwa manoma, tsofaffin Ƙofar Atiku a Sakkwato suna cewa bazarar yanzu ta fi ta dā zafi, awon masana kuwa ya gaskata su. Ƙwaro ba shi da ɗumin jikin kansa. In zafi ya ƙaru, ƙwansa yakan ƙyanƙyashe da wuri.

Tsutsar zangarniyar gero ta zama annoba ne bayan farin 1972 zuwa 1974. Tana da maƙiyi, wani ɗan ƙaramin zanzaro mai sa ƙwai a jikinta, amma dogon rani yakan rage shi ƙwarai. Shi ya sa ma'aikatan INRAN a Maraɗi suka koya wa manoma kiwonsa cikin 'yan buhunan algarara, su kai gona. Feshi barkatai yakan kashe shi, har da ƙudan zuma.

Kafin ƙungiyarku ta sayi magani bana, ku kira mu mu duba zangarniya tukuna.