Mai tsaron ciki: furojestaron

Kowane manomi ya san ba a shuka sai an share gona an kai taki. Jikin mace ma yana shirya mahaifa kafin ciki ya shiga. Sinadarin da ke wannan aiki, likitoci suna ce da shi furojestaron. Masana sun fara ware shi a shekarar 1934.

Kowane wata, in ƙwai ya fito, ma'ajiyar ƙwai takan zuba sinadarin cikin jini. Shi ke kaurara shimfiɗar mahaifa. In ciki bai shiga ba, sai ya ragu, haila ta zo bayan kamar kwana 14. In ciki ya shiga, sai ya ƙaru, haila ta tsaya. Wajen mako na 10, mabiyiya ce ke karɓar aikin yin shi har ranar haihuwa.

Babban aikinsa shi ne kwantar da naman mahaifa, kada ta murɗa ta turo ɗa tun lokaci bai yi ba. Amma yana sassauta hanji ma. Shi ya sa mai ciki take fama da ƙwannafi da taurin bayan gida. Maganin wannan yawan shan ruwa, cin ganye kamar zogale da rama, da cin abinci kaɗan-kaɗan.

Da mabiyiya ta faɗi, sinadarin sai ya sauka, nono ya kawo cikin kwana 2 ko 3. Kafin nan jariri ya sha dakashi, kada a zubar.

Game da ɓari, mu sani yawancin ɓarin watannin farko daga halittar tayin yake, ba laifin uwa ba ne. Binciken da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2019, ya nuna maganin furojestaron yana iya taimakon matar da ta ga jini a farkon ciki, in ta taɓa yin ɓari. Likita ne kaɗai zai auna ya ba da shi. Kada mu sayi "maganin riƙe ciki" wurin ƴan talla a kasuwa.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta je awo sau 8, na farko kafin wata 3 su cika. Magidanta, in iyali ta ga jini ko ta ji ciwon mara mai tsanani, mu kai ta asibiti a ranar, kada mu jira gobe.