Daƙiƙoƙin Da Ke Tsakanin Gidan Sori Da Yamai

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban rumfar mai aika kuɗi a ranar kasuwa, a Gidan Sori ko a wani gari na gundumar Gidan Rumji, ya san wannan zaman jira. Tsohuwa ta kwance bakin zane ta fiddo ƴar takarda mai ɗauke da lambar da ɗanta ya aiko daga wurin ci-rani. Mai rumfa ya danna lambar a talho, sai kowa ya yi shiru yana kallon fuskarsa. Wani lokaci amsa takan zo kafin a gama gaisuwa. Wani lokaci kuwa sai rana ta karkata, hatsin da aka zo saye ya ƙara kuɗi, motar komawa ƙauye ta tashi, mai rumfa bai da abin faɗi sai cewa babu rezo.

Wannan jira yana da awo, kamar yadda gero yake da tiya, kuma akwai ma'aikata waɗanda aikinsu ke nan dare da rana.

Mutanen Gidan Sori ba baƙin jiran kuɗi ba ne. Shirin tallafa wa iyalai marasa ƙarfi, wanda gwamnati ta kafa a 2011 da taimakon Bankin Duniya, ya soma aikinsa a jihohin Doso da Maraɗi, kuma Gidan Sori tana cikin ƙananan hukumomin da suka amfana a zangon farko, tare da Saye Sabuwa da Gangara da Caduwa. Kowane gida da aka zaɓa yakan karɓi jika goma a wata har tsawon wata 24, mata ne kuma ke karɓa. A lokacin, masu biya ne ke zuwa da tsabar kuɗi da jerin sunaye, idan kuwa an samu jinkiri da kwanaki ake ƙirga shi. Daga baya harkar kuɗi ta karkata zuwa talho da kwamfuta, ta hannun kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza da Nita da Amana, da kuma asusun talho na kamfanonin sadarwa. Sai ƙirgen ya koma na daƙiƙa, wato kashi ɗaya cikin 60 na minti.

Hanyar da saƙo ke bi

Abin da ya kamata mai karatu ya fara ganewa shi ne, kuɗin tsohuwar nan ba su cikin talhon mai rumfa. Suna rubuce ne a babban kundi, cikin wata kwamfuta da ke nesa, galibi a Yamai, wani lokaci ma a wata ƙasa. Talhon tambaya kawai yake aikawa: shin lambar nan gaskiya ce, kuma ba a riga an biya ta ba? Tambayar takan tashi daga talho zuwa dogon ƙarfen sadarwa mafi kusa, daga nan ta bi iska ko zaren gilashin da aka binne a ƙasa zuwa cibiyar kamfanin sadarwa, sannan ta shiga kwamfutar kamfanin kuɗi. Ita ma wannan ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Sai ta tambayi wata da ke riƙe da sunayen mutane, ta tambayi wata da ke riƙe da lissafi, ta umurci wata ta aika gajeren saƙon tabbatarwa. Aiki ɗaya ne, amma an rarraba shi a hannun na'urori da yawa, a wurare dabam-dabam, a ƙarƙashin kamfanoni dabam-dabam. Idan ɗaya ta yi nawa, duka sun yi nawa.

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan nisa, alhali nisa ne mafi ƙarancin laifi. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya cikin zaren gilashi. Tsakanin Maraɗi da Yamai kuwa kilomita 660 ne ko kusa da haka, saboda haka zuwa da dawowa ba su cin ko kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Ko da saƙon ya bi ta tauraron ɗan Adam irin na da, wanda ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, tambaya da amsa wajen rabin daƙiƙa suke ci a hanya. Abin da ke cinye lokaci shi ne layi: ƙarfen sadarwa ɗaya da mutanen kasuwa duka suka taru a kansa, ko kwamfutar da tambayoyi suka yi wa yawa a ƙarshen wata ko jajibirin salla, kowace tambaya tana jiran ta gabanta.

Yadda ake awon

Masana sun daɗe da auna haƙurin ɗan Adam a gaban na'ura. Robert Miller ya yi rubutu a kan haka a Amurka tun 1968, Jakob Nielsen kuma ya sake jaddada shi a 1993. Amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum yakan ɗauke ta nan take ce. Har zuwa daƙiƙa ɗaya tunaninsa bai katsewa. Idan aka wuce daƙiƙa 10, hankalinsa ya tafi wani wuri, kuma a nan ne yakan fara sake dannawa.

Hanyoyin sa ido iri uku ne suka fi yawa. Akwai na'urar gwaji da aka ajiye tana aika tambayar ƙarya bayan kowane ƴan mintoci, tana rubuta tsawon lokacin da amsa ta ɗauka, domin a gane matsala tun kafin jama'a su kawo kuka. Akwai rubuta lokacin kowace tambaya ta gaskiya da ta fito daga hannun masu hulɗa. Ta ukun ita ce ta fi amfani wajen gano mai laifi: kowace tambaya ana liƙa mata lamba tun daga tasowarta, kowace na'ura da ta ratsa kuma sai ta rubuta lokacin shigarta da na fitarta. Alhazan Maraɗi sun san irin wannan tun kafin zuwan kwamfuta, domin takardar kaya da ake buga wa hatimi a kowace tashar duwan ita ke nuna inda mota ta kwana. Idan babu wannan lamba, kamfanin kuɗi yakan ce laifin na sadarwa ne, na sadarwa ya ce na wutar lantarki ne, a bar mai rumfa da masu jira suna harararsa.

A nan akwai tarkon da ya kamata ma'aikatan hukuma su kiyaye idan aka kawo musu rahoto, shi ne matsakaicin lissafi. A ɗauki misali: tambayoyi 100, 95 daga cikinsu sun samu amsa cikin daƙiƙa 2, sauran 5 kuma sai da suka yi daƙiƙa 62 kowace. Idan aka haɗa aka raba, matsakaici daƙiƙa 5 ne, rahoto ya yi kyau. To amma babu ko mutum ɗaya da ya jira daƙiƙa 5. Biyar ɗin nan da suka wuce minti guda kuwa, sau da yawa ba a birni suke ba, suna can ƙarshen layi inda ƙarfen sadarwa yake da nisa. Shi ya sa masu aikin da gaske ba su tsayawa ga matsakaici, sukan tambayi tsawon jiran kashi 5 ko kashi 1 cikin ɗari na waɗanda suka fi daɗewa. Haka nan alkawarin cewa na'ura za ta yi aiki kashi 99 cikin ɗari na shekara yana da daɗin ji, amma ma'anarsa ita ce an yarda ta tsaya fiye da kwana uku da rabi. Kashi 99.9 ne ke rage tsayawar zuwa awa 8 da minti 46 ko kusa. Rahoton kuma bai faɗin ko awoyin nan sun faɗo ne da tsakar dare ko a ranar kasuwa.

Jinkiri yana da wata illa da ta fi ɓata lokaci. Wani sa'in tambaya takan isa, a cire kuɗin a kundi, amma amsa ta ɓace a hanyar dawowa. Talhon mai rumfa ya gaji da jira ya nuna aiki bai yiwu ba, alhali ya yiwu. Idan ya biya, yana tsoron asara daga aljihunsa. Idan ya ƙi, kundi na cewa an biya. Idan ya sake aikawa, ana iya cire kuɗin sau biyu. Maganin da aka sani shi ne kowace hulɗa ta kasance da lamba tata ita kaɗai, ta yadda kwamfuta za ta gane maimaici ta ƙi shi, sannan a riƙa gwada kundin ɓangarorin biyu kowace rana. Wannan lambar ce ke kan resi ko cikin gajeren saƙo, kuma ita ce hujjar talaka ranar da aka yi gardama.

Abin da ya fi ƙarfin mai rumfa

Shekarun baya sun nuna yadda igiyar take da tsawo. Wutar da Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna dogaro da ita tana shigowa ne daga Katsina ta Gazawa. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar nan sakamakon takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba a kuma ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. Ƙarfen sadarwa bai aiki sai da wuta, in babu ta layi sai batir da gazuwal da hasken rana. Ranar 14 ga Maris na 2024 kuma manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, wajen Kwaddibuwa, ƙasashe da yawa suka shiga matsala, har da Nijar wadda ba ta da teku, domin ta ƙasashen maƙwabta take samun hanyar fita.

Ta fuskar hukuma, ARCEP, wadda aka kafa a 2018 a madadin ARTP, ita ke auna ingancin aikin kamfanonin sadarwa, kuma a 2023 ta ci Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecoms tarar da jimillarta ta wuce sefa miliyar 4 saboda gazawa wajen inganci. Harkar kuɗi kuwa tana ƙarƙashin babban bankin BCEAO, wanda ya buɗe tsarin biya na nan take tsakanin bankuna da asusun talho ranar 30 ga Satumba na 2025. Sai dai awon da ake yi da mota ɗauke da na'urori ya fi sauƙi a manyan garuruwa da kan kwalta, hulɗar ƙauye kuma ba ta da yawan da za ta girgiza lissafin ƙasa baki ɗaya. Muddin ba a rarraba alƙaluman ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma ba, jinkirin Gidan Sori zai ci gaba da ɓuya a bayan saurin Yamai.

Awon da ya rage shi ne wanda ba ya buƙatar na'ura. Mai rumfa, ko sakataren ƙungiyar mata da ya fito daga ajin yaƙi da jahilci, yana iya ware shafi a littafinsa ya ja layi huɗu: rana, lokacin da aka danna, lokacin da amsa ta zo, da lambar hulɗa. Bayan wata uku shafin zai nuna ko matsalar ta ranar kasuwa ce, ko ta bayan magariba lokacin da batirin ƙarfen sadarwa ya yi sanyi, ko ta ƙarshen wata. Irin wannan takarda magajin gari yana iya ɗaukar ta zuwa Gidan Rumji ko Maraɗi ya ajiye a gaban wakilin kamfani, wanda zai iya binciko kowace lamba da ke ciki a kundinsa.